Lugu ba tatsuniya ba ce

A ƙasar Arewa, cikin jihar Doso, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, akwai wani ɗan ƙauye na Azna da ake kira Lugu. Nan ne Sarauniya Mangu ta tari rundunar Vule da Shanuwan a watan Afirilu na 1899. Abdulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986.

To, ƴan uwa ma'aikata, mu nawa ne munka taɓa taka garin? Sunan na bakinmu ranar biki, har wasu na zaton tatsuniya ce. Alhali kuwa gari ne na manoman hatsi, masu jiran damina kamar kowa. Sarautar mata ba ta yanke ba a can. Dutsen Tunguma, wanda ake kai wa shari'a idan magana ta gagari mutane, yana nan cikin daji kusa da garin.

A ganina, duk wanda ya ambaci Sarauniya cikin jawabi, ya kamata a tambaye shi batun rijiya da hanya da lakkwal na Lugu. Malamin lakkwal kuma ya fara nuna wa yara inda garin yake bisa taswira, kana ya karanta musu labarin yaƙin.