Zancen Iyali: Ladabin Karta a Cikin Waya

A wannan wata zancenmu a kan karta ne, irin wadda matasanmu suke bugawa a cikin waya tare da mutanen da ba su taɓa gani ba.

Watakila wani dattijo zai ce, "Malam, ina ruwan mai bi da karta?" Yana da hujja, gama dattawan ikilisiya sun daɗe suna ƙyamarta saboda caca. Amma tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, intanet kuma ta biyo baya, karta ta shiga gidajenmu ta cikin aljihu. Gara mu koya wa yara yadda za su riƙe ta.

Wadda aka fi bugawa ita ce Whot. Wani Bature mai suna William Storey ya ƙago ta a Ingila a 1935, ga shi yau ta zama kamar 'yar gida a Nijeriya. Wanda ya jefa mai lamba 2, na gabansa zai ɗauki biyu. Wanda ya jefa 14, kowa sai ya tafi kasuwa ya ɗauko. Watau wasa ne da aka gina a kan ɗora wa ɗan'uwanka kaya, don haka zuciya takan yi saurin tashi.

Ku dubi masu dara a gindin itace, ko nan Gwadangaji ko Argungu ko Zuru. Rami 30 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Akan yi gardama, akan yi ba'a, amma da wuya a ji ashar, domin ga idon jama'a, ga furfurar wanda yake zaune kusa, gobe kuma za a gamu a kasuwa. Kunya ce take tsaron wurin. A cikin waya kuwa ba fuska, ba murya, sai suna da ɗan hoto. Yaron da ba ya iya ɗaga ido gaban kawunsa sai ka ga ya rubuta wa baƙo maganar da ko kare ba zai ci ba. Ya manta cewa bayan wannan suna akwai mutum, mai yiwuwa sa'an mahaifinsa ne, ko kuwa yarinya ce 'yar shekara 12.

Ga abin da ya kamata mu koya a gida.

Na fari, gaisuwa. In akwai wurin rubutu, a fara da "Sannu" ko "Barka da yamma", a ƙare da "Na gode". Ba wanda yake faɗawa zauren mutane ba sallama.

Na biyu, kada ka gudu sa'ad da ka ga za a cinye ka. Waɗansu da sun ga kati ya taru a hannunsu sai su kashe data, su bar abokin wasa yana jira. Daidai yake da mai dara ya share ramuka da ƙafa ya tashi. Wanda ya zauna wasa ya yi alkawari ne zai kai ƙarshe. In uzuri ya taso, a faɗa kafin a fita.

Na uku, a yi wa mai jinkiri uzuri. Mu duka mun san yadda sabis yakan yanke, caji ya ƙare. Kai ma kada ka ja lokaci da gangan don ka gajiyar da shi.

Na huɗu, ba maguɗi. Akwai abokai biyu da sukan zauna ɗaki ɗaya, kowa da wayarsa, suna nuna wa juna kati domin su kā da na ukun da yake wani gari. Ko da ba kobo a ciki, zamba ce. Wanda ya saba da ita a wasa, ranar da aka ba shi ajiyar kuɗin ƙungiyar matasa ba sabon hali zai saya ba. Hali zanen dutse ne.

Na biyar, a tsare harshe, ko da yatsa ne yake magana. In ka ci, ba gori. In an cinye ka, ka ce "Ka iya." Mu Hausawa muna da wasan barkwanci, kamar na Kanawa da Zazzagawa ko na Fulani da Barebari, amma wannan tsakanin waɗanda suka san juna ne. Baƙo bai ba ka wannan izini ba. A rubuce kuma ba a ganin murmushi, abin da ka nufa raha shi zai karanta shi cin mutunci. In an zage ka, kada ka rama. Ka ba da amsa mai taushi sau ɗaya, in bai daina ba ka toshe shi. Samari kuma su bar neman lambar 'yan mata a wurin wasa.

Akwai wani dalili da ya shafe mu musamman. Da yawa cikin yaranmu suna shiga da sunayensu na baftisma. Wanda yake can ɗaya gefen, da ya ga Bitrus ko Rifkatu ya san daga wane gida aka fito. Mai yiwuwa bai taɓa shiga majami'a ba, bai taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba. Abin da Bitrus ya rubuta masa da ƙarfe goma na dare, shi ne wa'azin da ya ji. A gari kamar namu, inda muke zaune da maƙwabta Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, zagi guda yana iya ɓata shaidar da iyaye suka yi shekaru suna ginawa.

Iyaka kuwa a fili take. Ranar da aka ce a sa kuɗi, ko Naira 100 ce ko katin waya, wasa ya ƙare, caca ta fara. A tashi. Haka kuma in an kira addu'ar iyali, ko Mama ta aika, a sallami abokin wasa da ladabi a ajiye waya.

Iyaye, kada mu tsaya ga faɗa kaɗai. Baba ya ce wa ɗansa, "Zo ka nuna mini yadda ake yi." Ya zauna kusa, ya ga abin da ake rubutawa. Yaron da ya ga an cinye mahaifinsa, mahaifin ya yi dariya ya ce "Madalla," ya sami darasin da bulala ba ta koyarwa.

Don sujadar iyali a wannan mako, a karanta Afisawa 4:29, da Karin Magana 15:1, da Zabura 139:1-12. Sa'an nan a tambayi yara: wa yake ganin abin da muke rubutawa sa'ad da kowa ya yi barci?

Ubangiji ya tsare bakinmu da yatsunmu. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.