KACICI-KACICIN 'YAN SIYASA: DARIYAR DA KE WANKE AZZALUMI

Da zarar Kirsimeti ta gabato, tashoshin talabijin na Ingila sai su cika da shirye-shiryen kacici-kacici. A gayyato ɗan wannan jam'iyya, a zaunar da shi gefen ɗan waccan, mutanen da jiya suke nuna wa juna yatsa a majalisa, yau ga su suna tafawa suna ƙyaƙyata dariya. Wai wannan shi ne wayewa, wai siyasa ba da gaba ba!

To 'yan uwa, a duba abin da irin wannan wasa ya haifar. BBC tana da wani shiri mai suna Have I Got News for You, da aka fara a 1990. A 1998 aka gayyaci wani ɗan jarida, Boris Johnson. A gaban jama'a aka tono maganar wani faifai da aka naɗa, inda abokinsa ke neman ya samo masa adireshin wani ɗan jarida don a lakaɗa masa duka. Maganar da ta isa ta tozarta mutum har abada, sai ta zama abin raha. Ya yi 'yan kame-kame, 'yan kallo suka fashe da dariya, shi ke nan an wuce wurin. Daga 2002 ma har kujerar mai gabatarwa aka riƙa ba shi. A 2008 ya zama magajin garin Landan, a 2019 firayim minista.

Ranar 15 ga Disamba 2020, annobar korona tana ta kwasar rayuka, an hana mutanen Landan haɗuwa a ɗaki ɗaya da wanda ba na gidansu ba, tsofaffi suna mutuwa a asibiti ba ɗa ba jika a kusa. Ina shugaban yake? Yana fadarsa ta Downing Street yana karanto wa ma'aikatansa tambayoyin kacici-kacicin Kirsimeti! Sai bayan shekara guda hoton ya fito. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Su kuma abokan hamayyar fa? George Osborne shi ya zabtare kuɗin tallafin talakawa daga 2010 lokacin yana ministan kuɗi. Ed Balls na jam'iyyar Labour shi ke tada jijiyar wuya a kansa a majalisa. A 2023 sai ga su sun buɗe shirin hira na haɗin gwiwa. Tsakanin Afrilun wannan shekarar da Maris na 2024, ƙungiyar Trussell Trust kaɗai ta raba ƙunshin abincin agaji sama da miliyan 3 a ƙasar da ke tinƙaho da arziki.

A dandalin ana tambayar ɗan siyasa sunan babban birnin wata ƙasa, ko wa ya rera waƙa kaza. Ya ci a tafa masa, ya faɗi a yi dariya, ko ta wace fuska shi ke da riba. Ba a taɓa ba mai layin karɓar abinci makirfo ya yi tasa tambayar ba.