Littattafan Kyauta a Na'ura: Ina Rabon Mai Karatun Hausa?

'Yan'uwa marubuta, akwai wata tambaya da ta yi yawa a bakin ɗalibanmu na sakandare a nan Goron Dutse da kewaye. Da zarar yaro ya mallaki babbar waya, ko wani yayansa ya aiko masa da na'urar karatu irin su Kindle, sai ka ji ya ce, "Malam, ina ake samun littattafai kyauta?" Amsar da muke bayarwa ce ta ba mu kunya har muka ɗauki alƙalami.

In dai Turanci yake so, hanya a buɗe take. Ga Project Gutenberg da Michael Hart ya kafa a Amurka tun 1971, mai ɗauke da littattafai sama da 70,000 waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa ya sauke ba ko kwabo. Na yara ƙanana kuma akwai African Storybook na Afirka ta Kudu, har da na Hausa a ciki. Aro ne dai sai a hankali. Manhajar Libby tana buƙatar katin laburaren da ya shiga tsarinta, wanda ɗan Goron Dutse ba shi da shi. Ita kuwa Internet Archive da ke ba kowa aro, manyan kamfanonin ɗab'i huɗu sun kai ta kotu a 2020, ta sha kaye a 2023, ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa a 2024, kuma littattafai fiye da 500,000 sun fita daga jerin aronta.

To, in yaron ya ce labarin Hausa yake so fa? A nan ake yin ta. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar ƙasar nan kuwa ta tsare haƙƙin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka Magana Jari Ce ba zai zama na kowa da kowa ba sai bayan 2051. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ma sai bayan 2036. OkadaBooks, inda marubutanmu da dama, musamman mata, suka riƙa sayar da littattafansu da araha, ta rufe a 2023. Saura me? Saura zaurukan WhatsApp da Telegram, inda wani zai ɗauki hoton littafin da ba nasa ba shafi-shafi, ko ya sake buga shi cike da kurakurai, wani lokaci har ya goge sunan mai shi, ya watsa, ana yi masa godiya da addu'a kamar ya haƙa rijiya. Wannan sata ce, ko da an buɗe ta da sallama.

Amma fa kada mu yi saurin zagin yaran nan. Wa ya ba su wata ƙofa? Mu tuna shekarun da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito, a farkon shekarun 1990, lokacin da shagunan hayar littafi suka cika lungunan birni. 'Yan mata da matan aure su aiki yaro ya karɓo, su karanta, a mayar. Marubuta sun yi ta ƙorafi a kan masu haya a lokacin, wai suna rage ciniki. Alhali mai haya da kuɗinsa yake sayen kwafi, in ya yage ya sayi wani, kuma shi ya raini dubban masu karatun da muke taƙama da su yau. Mai watsa littafi a waya ko kwafi ɗaya bai saya ba. Shagunan hayar sun ja baya, mu kuma ba mu gina komai a gurbinsu ba, sai taron ƙaddamarwa da rabon lambar yabo.

Abin da muke kira a yi ba ya buƙatar gwamna. Kowane ɗan ƙungiya da ke da tsohon littafin da ya ƙare a kasuwa ya bayar da guda ɗaya, da izini a rubuce. A buga shi da kyau, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace, don abin takaici ne ɗalibi ya koyi rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" daga littafin marubuci. A ajiye su wuri ɗaya da sunan ƙungiya, kowa ya sauke. Sababbi kuma a nemi zama da hukumar laburare ta jiha, a ga yadda mai katin Laburaren Murtala Muhammad zai ari littafi a wayarsa na mako biyu, laburare ya biya marubuci kamar yadda mai haya yake biya a da.

Mun san za a ce wannan zai kashe kasuwa. Wace kasuwa? Littafin da aka buga shekara ashirin da suka wuce, wanda ko mai shi ba shi da kwafi sai ya aro, nawa yake kawo masa a wata? Tuni ma yana yawo a waya babu sunansa. Muna roƙon shugabanni su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, kowa kuma ya zo da sunan littafin da zai bayar.