Kira ga Ministan Al'adu na Nijar: A Dawo Mana da Fina-finan Magabatanmu



A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta sauya wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai suna, daga Jean Rouch zuwa Moustapha Alassane. Mun yi murna, domin Alassane ya cancanta. Shi ya yi fim ɗin Aouré a 1962, yana cikin na farko da suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma, kuma a Tawa ya zauna yana aikinsa shekaru da dama kafin rasuwarsa a 2015.

Damuwarmu ita ce sunansa na jikin bango, amma aikinsa sai a waje ake kallo. A 2017 gidan tarihi na MoMA da ke New York ya ware kwanaki yana nuna fina-finansa. Haka kuma fim ɗin Cabascabo na ɗan Nijar Oumarou Ganda ya je bikin Cannes a 1969, kuma Ganda ne ya fara lashe babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Turawa sun san waɗannan ayyuka, suna nazarinsu a jami'o'insu. Yaron da ke haɗa fim da wayarsa a Maraɗi ko Damagaram kuwa, da wuya ya taɓa ganin ko ɗaya.

Dalilin a bayyane yake. A wancan zamani Faransa ake kai fim a wanke shi a gyara, sai asalin kwafi da yawa suka zauna can. Cinémathèque Afrique da ke Paris kaɗai na ajiye da fina-finan Afirka sama da dubu.

Muna roƙon ma'aikatarku ta nemi kwafin da aka gyara na fina-finan 'yan Nijar daga duk ma'ajiyar da ke riƙe da su, tare da yardar magadan masu su. Saɓanin siyasa tsakanin gwamnatocin Nijar da Faransa bai kamata ya hana wannan ba, ai kayanmu ne muke nema. In sun iso, a sa musu fassarar Hausa da Zabarmanci, a riƙa haska su kyauta a cibiyar Yamai. Sannan a ɗora majigi a mota a zaga da su garuruwa, kamar yadda Alassane da kansa ya riƙa kai wa mutanen karkara sinima. A fara da Tawa.

Allah ya taya riƙo.