Ba Kowane Layi Ne Mutuwar Hedi Ba, A Daina Cutar Masu Injin Fleks

Ɗan uwa mai injin buga fleks, yau da kai nake. Akwai wata al'ada da ta ishe ni a sana'ar nan. Da zarar aiki ya fito da layi-layi sai a kira injiniya, ya leƙa ko minti biyu bai yi ba, ya ce "hedi ya mutu, a sayo sabo." Kai kuma ka ciyo bashi ka sayo. Bayan sati layin ya dawo, don dama can ba hedin ba ne. Wallahi wannan caca ce ake yi da kuɗinka.

Kafin ka yarda da hukuncin kowa, buga gwajin nozul. Hedin DX5 ramuka 1440 gare shi, XP600 kuma 1080, gwajin zai nuna maka waɗanda ba sa fesa tawada. In ka ga giɓi, yi kilinin ka sake bugawa. Giɓin ya canza wuri? To tawada ce ba ta isowa: iska ta shiga damfa, ko robar kaf ta tsufa ba ta kama hedin. Kuɗinsu ko kusa da na hedi bai kai ba. In kuwa giɓin na nan wuri ɗaya, toshewa ce, a jiƙa shi da ruwan wankin da ya dace da tawadarka tukuna.

Gwaji ya fito cif amma layi na nan? Dubi layin da kyau. Idan yana bin hanyar da hedi ke kai-kawo, tazararsa ɗaya, kuma fari ne, injin na tura fleks fiye da kima. Idan mai duhu ne, turawar ce ta gaza, fas na hawa kan fas. Saitin turawa ake gyarawa, kuma na fleks daban, na sitika daban, don kaurinsu ba ɗaya ba. Idan layin a tsaye yake, duba enkoda, siririyar ledar nan da ke bayan hedi. Ƙura ko ɗigon tawada kaɗai ya isa ya rikita ta. Goge ta a hankali da tsumma mai laushi da ruwa, kar ka kusanto ta da solben.

Na san abin da wani zai ce: "Ni fas kawai nake ƙarawa, daga 4 zuwa 8, layi ya ɓace." Haba malam! Ɓoye shi ka yi. Aikin awa ɗaya ya koma kusan biyu, janareta na shan mai, matsalar na nan tana ƙaruwa.

Kuma kar ka ɗora wa injiniya laifin duka. Wa ke barin ƙofa buɗe da hunturu ƙura na sauka kan inji? Wa ke gauraya tawadar kamfani biyu don ta fi araha? An ɗauke wuta hedi na tsakiyar aiki, wa ya bar shi ya kwana bai koma kan kaf ba? Da safe tawada ta bushe, sai a ce injin China ba shi da ƙarko.

Eh, hedi na mutuwa. Yana gogar fleks ya lalace, wuta ma na ƙona shi. Amma wanda ya ce ya mutu, ya nuna maka takardar gwaji, ya faɗa maka abin da ya duba kafin ya yanke. Wannan ka biya shi da hannu biyu. Wanda bai buga gwaji ba kuwa, ka ce masa za ka neme shi.

Ka tura wa abokin sana'arka kafin a sayar masa da hedi. Allah Ya ba mu sa'a.