Shafi Fari Fat: Laifin Wane Ne?

Sau tari ɗalibi kan buɗe shafin intanet a wayarsa, ya zauna yana kallon farin allo na tsawon daƙiƙoƙi, sannan ya ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma akwai jinkirin da mai tsara shafin ne ya dasa shi da hannunsa.

Burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Firefox, takan karanta rubutun HTML ne daga sama zuwa ƙasa, tana gina shafin yayin da take karatu. Da zarar ta iske umarnin JavaScript da ke wani fayil, sai ta dakata cak: ta aika a ɗauko shi, ta aiwatar da shi, kana ta ci gaba. Wannan ba sakarci ba ne. Tun da Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, an ba umarnin ikon cusa sabon rubutu a daidai inda yake, ta hanyar document.write. Don haka burauza ba ta da tabbacin abin da ke gaba sai ta ji ta bakinsa.

Maganin ma ya tsufa. Internet Explorer 4 ta zo da kalmar defer tun 1997. Idan an rubuta ta, burauza za ta ɗauko umarnin a gefe, ta gama karanta shafin, sannan ta aiwatar da umarnan bi da bi yadda aka jera su. Daga baya HTML5 ta ƙaro async, wadda masu koyo suka fi rububi a kai don sunanta ya yi kama da sauri. Ita kuwa ba ruwanta da jeri. Wanda ya fara isowa shi ke fara aiki. Idan umarni na biyu ya dogara da jQuery, kuma ya riga shi isowa, shafin ya lalace ke nan. Abin takaicin shi ne, a kwamfutar mai shirin komai na iya tafiya daidai, sai a wayar da layinta ke tangal-tangal aibin zai bayyana.

Ya kamata malaman kwamfuta a makarantun sakandare su koyar da defer tun ranar da suka gabatar da JavaScript, su bar async ga umarnin da bai jingina da kowa ba, kamar mai ƙirga maziyarta shafi. Su kuma sa ɗalibai su rage saurin layi a cikin kayan gwajin Chrome kafin su miƙa aikinsu.