Kada Ku Yar da Ƙugiyar Harafi

Kwanakin baya mun haɗa fostar taron ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa a jami'a. Muka zaɓi salon haruffa mai kyan gani, muka kai shagon buga takardu. Da aka miƙo mana, inda muka rubuta "Muna maraba da baƙi", sai ga wani ɗan akwati ya zauna a gurbin ƙ. Kwafi hamsin, kuɗinmu ya tafi a banza.

Laifinmu ne. Ba kowane salon haruffa na kwamfuta ne ke ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ ba, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita. Wani abokinmu ya ce mu sa k kawai mu huta. Da mun bi ta tasa, da baki muka yi wa maraba! Ai wanda ya shiga fada daban yake da wanda ya shiga faɗa.

Don haka ƙannenmu masu haɗa jaridar bango ko sanarwar makaranta, kafin ku zaɓi salo ku gwada shi da ɓera, ɗaki da ƙofa, har da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ. Noto Sans da Andika suna da su, kuma kyauta ake sauke su. A waya, ku ƙara Hausa a Gboard. Ku mayar da aikin PDF, a buga kwafi ɗaya ku duba tukuna.

Mu mun biya kuɗin wannan darasi, ku ku karɓa kyauta. Sai mako mai zuwa.